Kayan da mai ba ya kama su a cikin ruwa: tambayoyi da amsoshi

Tun daga 2009 masana a ƙasashe da dama suke ƙoƙarin sarrafa ƙarfe, gilashi, yadi da fenti yadda mai ba zai manne musu ba muddin suna cikin ruwa. A jikin kifi aka fara ganin dabarar. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan fanni.

Ta yaya ake gane abu yana korar mai a ƙarƙashin ruwa?

Da ɗigo ɗaya ake gane shi. A nutsar da abin cikin ruwa, a saki ɗigon mai daga ƙasa ya taso ya tokare shi, tunda yawancin mai bai kai ruwa nauyi ba. A jikin yawancin robobi ɗigon bajewa yake yi ya manne. A jikin irin waɗannan kayan kuwa sai ya dunƙule ya tsaya a mulmule, da an ɗan karkata abin ko ruwa ya motsa sai ya wuce, ko tabo ba ya bari.

Masana suna auna kusurwar da gefen ɗigon ya yi da fuskar abin. Idan ta haura digiri 150, kuma karkatar da ba ta kai digiri 10 ba ta isa ta gusar da ɗigon, to abin ya shiga wannan aji. Ma'auni na biyun ne ya fi muhimmanci wajen aiki, domin akwai fuskar da ɗigo ke dunƙulewa a kanta amma ya liƙe ƙam, ita kuwa ba ta tsabtace kanta.

Me ya sa mai ke halaka tsuntsun teku amma jikin kifi ya fita fes?

Dukansu biyu suna da kariya, sai dai da abin da kowanne ya dogara ya bambanta. Tsuntsu da iska ya dogara. Gashinsa yana da tsari mai ƙananan rassa da ke sarƙe da juna, suna riƙe iska a tsakaninsu, ruwa ba ya ratsawa. Iskar nan ce ke ɗumama shi, ita ce kuma ke taimaka masa ya zauna a saman ruwa. Matsalar ita ce abin da ke ƙin ruwa galibi yana son mai. Da ɗanyen mai ya taɓa gashin sai ya shige ciki ya kori iskar, gashin ya cukurkuɗe, ruwan sanyi ya kai ga fata. Tsuntsun yana ƙoƙarin gyara gashinsa da baki, yana haɗiyar guba. Haka tsuntsaye dubu-dubai suka mutu bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya fashe a Alaska a 1989.

Kifi kuwa da ruwa ya dogara. Ɓawon jikinsa na kalsiyam fosfet ne da furotin, ga wani siririn yauƙi a sama, kuma dukansu masu shan ruwa ne. A 2009 tawagar Farfesa Lei Jiang ta Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin da ke Beijing ta duba ɓawon da na'urar ƙara girman abu, ta ga yana cike da ƙananan tudu-tudu da ido ba ya gani, a kan kowane tudu kuma akwai wasu da suka fi shi ƙanƙanta. Ruwa yana cika kwarin da ke tsakaninsu ya zauna daram. Da suka sa wa ɓawon ɗigon mai a cikin ruwa, kusurwar ta haura digiri 150.

Kada wannan ya sa a ɗauka malalar mai ba ta cutar da kifi. Ɓawonsa ne kawai ya tsira. Gubar da ke narkewa daga ɗanyen mai tana shiga ta gaɓar numfashinsa, kuma bayan malalar 2010 a mashigin tekun Mekziko bincike ya nuna tana lalata zuciyar 'ya'yan kifin tuna tun suna cikin ƙwai.

Ta yaya son ruwa ke zama ƙin mai?

Nan ne zuciyar maganar. Waɗannan kayan ba su da wata gaba ta musamman da mai. Idan suna bushe a sarari, mai bajewa yake yi a kansu kamar kowane abu. Abin da suke da shi shi ne tsananin son ruwa. Idan ruwa da mai suka haɗu a kan fuska ɗaya, wanda fuskar ta fi jawowa shi ke riƙe wurin. Fuskar da ke ɗauke da ƙwayoyin sinadari masu caji, ko masu ƙulla alaƙa da ƙwayoyin ruwa, tana damƙe ruwan da ƙarfin da mai ba zai iya ture shi ba. Sai ya zama man yana zaune ne a kan ruwa, bai taɓa abin ba.

Duk wanda ya taɓa wanke kwano mai maiƙo ya ga wannan da idonsa. Farantin gilashi ko na tangaran, idan aka jiƙa shi, maiƙon yana sakin jikinsa da sauƙi, domin gilashi mai son ruwa ne, ruwan yana kutsawa ƙarƙashin maiƙon ya ɗaga shi. Kwanon roba kuwa sai a wanke shi sau biyu yana nan da santsi, domin robar ta fi kusa da mai a halitta.

Kaushin fuska yana ninka wannan hali. Thomas Young na Ingila ne ya bayyana dokar kusurwar ɗigo a 1805. A 1936 Robert Wenzel ya nuna cewa kaushi yana ƙara wa fuska halin da take da shi tun asali: mai son ruwa ta ƙara so, mai ƙi ta ƙara ƙi. A 1944 Cassie da Baxter, waɗanda ke binciken ulu a birnin Leeds, suka bayyana yadda ɗigo ke tsayawa a kan kawunan tudu ba tare da ya sauka cikin kwarin ba. A zamaninsu iska ce ke cika kwarin. Abin da kifi ya koyar shi ne ruwa ma yana iya cika shi, sai ya zama ɗan ƙaramin kaso na ƙasan ɗigon ne kawai ke kusa da abin, saura duk ruwa ne.

Ashe ba wannan ne sirrin ganyen lotus da aka daɗe ana faɗa ba?

Gini ɗaya ne, amma aikin a juye yake. Lotus shukar ruwa ce mai kama da bado, wadda ganyenta ke fitowa daga taɓo tsaf. Wilhelm Barthlott na Jami'ar Bonn a Jamus ya fara nazarin fuskar ganyaye tun shekarun 1970, a 1997 kuma shi da Christoph Neinhuis suka wallafa bayanin: tudu-tudu ne lulluɓe da kaki, iska a tsakaninsu, ruwan sama na gangarewa yana kwashe ƙura. Fentin gini mai suna Lotusan ya fito kasuwa a 1999 bisa wannan tsari.

Sai dai lotus yana cikin jirgi ɗaya da tsuntsu. Fatar ruwa, wato samansa inda ƙwayoyinsa ke riƙe juna, tana da ƙarfin ɗaurewa da ya kai kusan 72 a ma'aunin masana, yawancin mai kuwa tsakanin 20 da 35 yake. Abu mai raunin ɗauri irin wannan yana kutsawa cikin kwarin ya kori iskar. Bugu da ƙari, idan aka daɗe da nutsar da irin wannan fuska, iskar tana narkewa cikin ruwa a hankali ko matsi ya fitar da ita.

Me ya hana a yi abin da ke ƙin mai ko a ruwa ko a sarari?

An yi, amma da tsada ta wata fuska. A 2007 Anish Tuteja da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa idan aka yi tudun mai faɗin kai da siririn wuya, mai ba ya iya sauka ƙarƙashinsa ko da a sarari. Daga baya masana a birnin Dresden na Jamus suka tarar wasu ƙananan ƙwarin ƙasa masu numfashi ta fata suna da irin wannan gini a jikinsu. A 2011 kuma tawagar Joanna Aizenberg a Harvard ta kwaikwayi wata shuka mai siffar tulu da ke cin ƙwari, ta cika fuska mai ramuka da wani ruwa mai sulɓi wanda kusan komai ke zamewa a kansa.

Mafi yawan waɗannan hanyoyi suna buƙatar sinadarai masu fulorin, kuma dangin waɗannan sinadarai ne ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, suna taruwa a ruwan sha da jinin mutane. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu haɗari ta taƙaita ɗaya daga cikinsu, PFOS, a 2009, ta sa wani, PFOA, cikin jerin haramtattu a 2019. A ce za a tsabtace ruwa da abin da ke gurɓata ruwa, an gudu ke nan ba a tsira ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin hanyar kifi ta fi cancantar a zuba mata ƙarfi: garkuwarta ruwa ne, ba ta buƙatar fulorin ko kaɗan.

Kifi kaɗai aka kwaikwaya?

A'a, kuma kowace halitta da aka ƙara dubawa ta zo da maganin wata matsala ta daban. Cikin ɓawon dabbobin teku masu ɓawo biyu yana ƙin mai, alhali dutse ne mai tauri na kalsiyam kabonet. Wannan ya nuna a 2012 cewa ba dole sai abu mai laushi ba, aka kwaikwaye shi da tsatsar tagulla. Wata ciyawar teku da ake nomawa a gabashin Asiya tana riƙe halinta ko a ruwa mai tsananin gishiri, saboda wani sinadari mai yauƙi da ke jikinta, aljinet. Akwai kifi mai kaushin fata wanda ƙananan ƙayoyinsa suka lanƙwasa gefe guda, mai yana gangarewa daga kai zuwa wutsiya amma ba ya komawa baya, abin da ya buɗe hanyar tura ɗigon mai inda ake so. Ƙyalƙyalin cikin ɓawon da ke haifar da lu'ulu'u kuma, wanda aka jera shi hawa-hawa, ya koyar da yadda za a yi shafi mai jure gogayya.

Katantanwa ma tana ciki. Kamfanin INAX na Jafan, wanda yanzu yake ƙarƙashin LIXIL, ya lura cewa ɓawonta yana da ƙananan kwaruruka masu riƙe danshi, ya yi tayil na bangon waje wanda ruwan sama ke ɗauraye masa baƙin hayaƙi.

Da me ake yin su?

Kusan duk abin da ke son ruwa kuma za a iya ba shi kaushi. Akwai haidirojel, wato danƙo mai shanye ruwa ya kumbura. Akwai zaren auduga da na itace, da sinadarin da ake cirowa daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, da silika, da taitaniyam dayoksaid, har da siminti an gwada. Wasu suna sassaƙa ƙarfe da hasken leza. Yadda za a manna shafin ya zauna a cikin ruwa ma daga teku aka samo shi: a 2007 Haeshin Lee da Phillip Messersmith na Jami'ar Northwestern suka kwaikwayi gam ɗin da wasu dabbobi masu ɓawo ke manne wa duwatsu da shi, suka samar da shafin da ke kama kusan komai, har da Teflon, shafin nan da ke hana abinci kamawa a kasko.

Yaya rariyar raba mai da ruwa take aiki?

Wannan ne amfanin da ya fi kowanne ƙarfi. Tun a 2004 tawagar Jiang ta yi ragar ƙarfe mai ƙin ruwa da son mai: a zuba gauraye, mai ya wuce, ruwa ya tsaya. Tana aiki, amma da aibi biyu. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka shi ke sauka ya kwanta a kan ragar ya tare wa man hanya. Sannan man da ke wucewa, musamman mai kauri, yana manne wa wayoyin har ya toshe ramukan.

A 2011 suka juya lissafin. Suka lulluɓe wayoyin ragar da haidirojel, suka bar ramukan a buɗe. Ana jiƙa ragar tukuna, sannan a zuba gaurayen. Ruwa, wanda dama shi ne a ƙasa, yana wucewa da nauyinsa kawai, ba famfo ba wuta. Idan man ya iso sai ya tarar kowane rami cike yake da ruwa, ya tsaya a sama. Sun ba da rahoton rabuwar da ta haura kashi 99 cikin 100 ga mai iri-iri, ciki har da ɗanyen mai da dizal, kuma tunda man bai manne ba, ɗauraya ta isa a sake amfani da ragar.

Akwai iyaka. Ruwan da ke cikin rami yana iya ɗaukar nauyin mai ne zuwa wani tsayi, idan man ya taru fiye da haka sai ya ɓalle ya wuce. Ƙaramin rami ya fi jure matsi, amma ruwa yana tafiyar hawainiya ta cikinsa. Babban rami yana da sauri, ba shi da juriya. Duk mai ƙera irin wannan mataci tsakanin waɗannan biyun yake ciniki.

Idan man ya gauraye da ruwan har ba a ganinsa fa?

A nan gizo ke saƙa. Man da ke yawo a saman ruwa ba shi da wuyar kwashewa, tsofaffin hanyoyi ma suna yi. Mai wuyar shi ne wanda ya farfashe ya zama ɗige-ɗigen da ba su kai maikiromita 20 ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), sabulu ko makamancinsa ya kewaye kowane ɗigo ya hana su haɗewa. Irin wannan ruwa fari-fari yake, yana iya yin watanni bai rabu ba, kuma shi ne ke fitowa daga masana'antun yanka ƙarfe, matatun mai da rijiyoyin haƙo mai. Ɗigon ya fi ramin raga ƙanƙanta, sai ya bi ruwa ya wuce.

Maganinsa tantani ne mai ramukan da suka fi ɗigon ƙanƙanta. A 2012 tawagar Tuteja, lokacin yana Jami'ar Michigan, ta nuna tantanin da ke raba irin wannan gauraye da nauyi kawai. Amma sabulun da ke cikin ruwan yana iya zama a jikin tantanin ya sauya masa hali, ɗige-ɗigen kuma su taru su yi masa rufi. Son ruwa yana rage wannan toshewa sosai, bai kawar da ita gaba ɗaya ba.

Da gaske suna wanke kansu?

Gwargwado. Ma'anar a nan ita ce mai ba ya kamawa, motsin ruwa ya isa ya tafi da shi. Ga abin da ya samu ya manne, akwai dabara ta biyu. Akira Fujishima na Jafan ya gano cewa taitaniyam dayoksaid yana aiki da haske, a 1997 kuma shi da abokan aikinsa, ciki har da masanan kamfanin TOTO, suka nuna cewa hasken UV, wanda ke cikin hasken rana amma ido ba ya ganinsa, yana mayar da fuskarsa mai tsananin son ruwa. Hasken yana kuma sa shi ya ruguza maiƙon da ya zauna a kansa. Gilashin taga na Pilkington Activ, wanda ya fito a 2001, a kan wannan aka gina shi. Mataci mai irin wannan shafi ana iya shanya shi a rana ya farfaɗo. Sai dai aikin a hankali yake, siririn datti yake ci, kuma cikin bututu ko ƙasan teku babu rana.

Menene babban rauninsu?

Bushewa. Ƙarfinsu da rauninsu daga tushe ɗaya suke: garkuwar ruwa ce, idan ruwan ya tafi garkuwa ta tafi. Mai da ya samu fuskar a bushe zai shige cikin kwarin nan da aka yi domin ruwa, kuma a yawancin kayan mayar da su cikin ruwa ba ya fitar da shi. Waɗanda suka fi ba da fata a nan su ne wasu robobi na musamman da kowace ƙwayarsu ke ɗauke da caji biyu masu kishiyantar juna. Suna jan ruwa da ƙarfin da zai iya kutsawa ƙarƙashin man ya ɗaga shi ko bayan ya manne.

Bayan bushewa sai gogayya. Tudun da ido ba ya gani yashi yana goge shi cikin sauƙi, haidirojel kuma mai laushi ne. Gishiri yana sa wasu irinsa su tsuke. Ƙwayoyin cuta da gansakuka suna yin gida a kan fuskar su rufe ta. Gwajin da aka yi da mai mai tsabta da ruwa mai tsabta na 'yan sa'o'i ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Za su iya magance babbar malalar mai a teku?

Ba su kaɗai ba, kuma bai kamata a yi wa mutane wannan alkawari ba. Dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a mashigin tekun Mekziko ya fashe ranar 20 ga Afrilun 2010, ma'aikata 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana tuttuɗowa daga zurfin kusan mita 1,500. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9, kuma abin da aka kwashe daga saman ruwa bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba. Matsalar ba ta rashin mataci mai kyau ba ce. Man ya bazu a faɗin teku, igiyar ruwa ta kaɗa shi ya zama danƙo, sinadaran da aka fesa suka farfasa wani ɓangarensa zuwa ƙananan ɗige-ɗige. Inda waɗannan kayan za su taimaka shi ne a jikin na'urorin kwasar: a tace ruwan da aka zuƙo tare da man a mayar da shi teku, tankin jirgi ya cika da mai maimakon ruwa, kayan aiki kuma su daina toshewa.

A ganina babban aikinsu yana wurin da kyamara ba ta zuwa. Rijiyoyin mai na duniya suna fitar da gurɓataccen ruwa fiye da man da suke fitarwa, kowace rana, ba sai an yi haɗari ba.

Za a iya shafa su a jikin jiragen ruwa?

Ana bincike a kai, domin fatar ruwan da ke hana mai zama tana rage mannewar furotin da ƙananan halittu. Buƙatar ta ƙaru tun da haramcin fenti mai gubar TBT ya fara aiki a duniya a 2008. Amma jikin jirgi yana shan duka na shekaru, shafi mai laushi kuwa da sauran rina a kaba kafin ya jure haka.

Su kansu ba su da illa?

Ya danganta da abin da aka yi su da shi. Na auduga, aljinet da silika ba su da abin tsoro sosai. Tagulla guba ce ga halittun ruwa idan tana zuba. Haidirojel na foliyakirilamaid shi kansa ba ya cutarwa sosai, amma sinadarin da ake haɗa shi da shi yana illata jijiyoyi idan ya rage a ciki. Kwaikwayon halitta ba ya wanke abu daga bincike.

Idan aka ce wani mataci yana cire kashi 99 cikin 100 na mai, ya isa?

Sau da yawa bai isa ba, kuma lissafin mai sauƙi ne. Dokar MARPOL ta duniya ba ta yarda jirgi ya zubar da ruwan ɗakin injinsa a teku ba sai man da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. A ɗauka ruwan da ya shiga matacin yana da mai kashi 1 cikin 100, wato 10,000 cikin miliyan. An cire kashi 99, saura 100 cikin miliyan, wanda ya ninka iyakar doka fiye da sau shida. Saboda haka abin tambaya shi ne nawa ya rage a ruwan da ya fito, da wane irin mai aka gwada, ko akwai gishiri da sabulu a ciki, da kuma wata nawa matacin ya yi yana aiki kafin a ɗauki wannan awo.